Rijiyar Inna a Bakin Kasuwa

Tatsuniyoyin Inna ba su da kai balle ƙafa, kuma abin da ya sa muke son su ke nan. Inna kakata ce ta wajen uwa, a hannunta na tashi a Morai. Da an sauke tuwo sai ta ja tabarmarta bakin murhu tun garwashi bai mutu ba, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta da haƙoran gaba, don haka maganarta da ɗan fito take fita. Kuma duk inda labari ya zo wurin dariya, sai ta tsaya ta yi tari sau biyu, ta bar mu baki buɗe.

Wadda na fi so ita ce ta mutumin da ya ɗauki rijiyarsa a ka ya kai kasuwa. Wani ya saya, ya isa gida ya ga ashe rami ne a tsakiyarta, ya kai ƙara. Alƙali ya ce laifin rijiyar ne, a ɗaure ta. Dogarai suka rasa ɗakin da zai ɗauke ta, sai suka haƙa rami suka jefa ta ciki. In muka tambayi ƙarshen labarin sai ta ce, "Tana nan ɗaure hal yau. Wa kunka taɓa gani ya yi belin rijiya?"

Dokokinta biyu ne. Ba ta tatsuniya da rana, kuma muryarta ba ta wuce zaure. Ko baƙo ne ya yi sallama, shiru take yi har sai ya tafi.

Kawu Umaru, autanta, shi ya kawo mana abin da ya raba mu da wannan zama. Yana karatu a Bakura wani malaminsu ya kunna musu faifan farko na wasu Turawan Ingila masu wasan barkwanci, shirme tsantsa mara kan gado, amma sai mutum ya riƙe ciki. Kawu ya ce ai wannan a gidansu ya saba jin sa kyauta. Da ma yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo da abokansa a Talata Mafara. Rannan sai ga shi da rakoda, wai yana son ya adana muryar Inna saboda jikokin da ba a haifa ba tukuna. Ta ƙi. Ya roƙa, mu ma muka taya shi, ni ce ma kan gaba, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

"Auta," in ji ta, "muryata ba ta hita waje."

Ya rantse mata ba mai jin ta sai 'yan gida. Sai ta yarda. Kwana uku yana ɗauka.

Bayan damina na raka Inna kasuwar Talata ta sayar da daddawa. Rana tsaka muka zo wucewa ta rumfar mai sayar da kaset, jama'a sun yi cincirindo suna dariya. Labarin rijiya ne ke fita daga lasifika. Amma ba Inna ba ce. Kawu ne ya maƙe murya yana kwaikwayonta, da fiton da komai, abokansa suna tsokanarta da tsohuwa mai ruɗewa. Wani ɗan garinmu ya gane, ya taɓa na kusa da shi, suka juyo suna kallon mu.

Na ja hannunta mu tafi, ta ƙi. Ta tsaya da ƙwaryarta a ka har aka jefa rijiya a rami. Sannan ta ce a hankali, "Ko tarin bai bar min ba."

Da Kawu ya zo gida sai ya ce shi bai saɓa rantsuwa ba, muryar da ta fita tasa ce, ba tata ba. Wayon banza ke nan. Inna ba ta yi masa musu ba, ta ma zuba masa fura. Amma ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba. In mun matsa mata sai ta ce mu tafi kasuwa, can ake sayar da ita. Ta yi shekaru bayan nan tana zama bakin murhu tana jan carbi kawai.

Da ta rasu, bayan an share makoki, na tambayi Kawu ainihin kaset ɗin da ya ɗauki muryarta. Ya sosa ƙeya ya ce tuni suka yi gwajin wasa a kansa, ya goge.

Na daɗe ina ɗauka abin da ya yi mata shi ne ƙarshen cin amana. Sai da na girma na gane mu ma ya cuce mu. Yanzu wasan nan ya koma yawo a wayoyi, 'ya'yana ma suna kunnawa suna dariya, ba su san ko wace ce ake kwaikwayo ba. Har yau ban yafe wa Kawu ba. Amma ranar da kewar Inna ta dame ni, ba ni da inda zan ji ta sai a bakinsa, dole na kunna.