Baba Milad, Mutumin Da Ya Riƙe Hannun Surukina

Ƙarfe biyar da rabi na safe Baba Milad Shenuda yake sauka daga motar ma'aikata, ya bi ta bayan babban lilon nan mai juyawa, ya shiga ɗakin cin abinci tun masu shara ba su gama ba. Yakan fara da girgiza kujerun yara ɗaya bayan ɗaya, wadda ƙafarta ta yi motsi ya ja ta gefe. Daga nan ya leƙa kicin ya tambayi kuku wane kasko aka ware wa dankali, wane aka ware wa ta'amiya, ƙosanmu na waken ful, don ba ya yarda a soya su a mai ɗaya. Ƙarfe bakwai ya tsaya a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan tsayuwa a wani wurin shaƙatawa na Gardaka, a bakin Bahar Maliya, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki saboda gwiwoyinsa sun ce sun gaji.

Duk wanda ya taɓa kai iyalinsa irin wannan wuri ya san yadda muke shiga ɗakin cin abinci. Mun yi shekara muna tanadi, an ɗaura mana zoben roba a wuyan hannu an ce mu ci abin da muka ga dama, sai mu ci kamar gobe za a rufe Masar. Uwa na cika faranti, uba na neman tebur, yara sun shigo jiƙe daga tafkin wanka suna ihu. A cikin wannan hayaniya Baba Milad yake tare kowane iyali da tambaya ɗaya: "Akwai mai cutar ful a yaran nan?" Wasu su ce babu su wuce, wasu su harare shi don ya tsayar da su ga abinci na kallonsu. Bai taɓa fasa tambayar ba.

Awatif, matar da ke gasa gurasa a bakin tanderu, ta fi kowa daɗewa tare da shi. Ta ce da ya kalli fuskar yaro ya san daga wane lilo ya sauko. Wanda ya fito daga mai wujijjiga mutum, ruwan lemun tsami da busasshiyar gurasa zai fara ba shi, sauran abinci sai can an jima. Ta ce akwai wani magidanci da ya yi masa tsawa, wai ɗansa mangwaro yake so, mangwaro za a ba shi. Baba Milad ya kawo kofin mangwaro da hannun dama, ya ajiye bokiti a gefen kujera da hannun hagu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga su nan duka biyun." Ba a yi minti biyar ba bokitin ya yi amfani. Ita ce kuma ta gaya mini dalilin tambayar da yake yi a ƙofa, don shi ba ya faɗa. Ƙaninsa yana ɗan shekara biyar ya ci ɗanyen ful a gona a ƙauyensu da ke kusa da Nakada, kafin a kai shi asibitin Kena rai ya yi halinsa.

Nawa labarin shekara tara ke nan. Na je da matata Rabab, da ɗanmu Hazim mai shekara shida, da mahaifinta Alhaji Abdussabur, wanda shi ya ɗauki nauyin tafiyar kuma bai bari kowa ya manta ba. Tun Hazim yana jariri likitoci suka gano a gwajin jini yana da cutar ful. Suka ce ko kaɗan ya ci, jininsa na iya tsinkewa, idanu su yi ruwan ɗorawa, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, in ba a yi gaggawar ƙarin jini ba sai abin da Allah ya yi. Muka kiyaye, yaron bai taɓa ci ba, bai taɓa kwanciya ba. Wannan lafiyar tasa ita ce hujjar Alhaji. A ganinsa likitoci ne suka ƙirƙiro cuta don su ci abinci, mu kuma muka mayar masa da jika ɗan gata marar ƙwari. Ran da muka isa, Baba Milad ya yi tambayarsa a ƙofa, Rabab ta nuna Hazim, ya dafa kan yaron ya ce to, muka wuce.

Rana ta huɗu da safe Rabab ta koma ɗaki ɗauko hular Hazim, ta bar mu uku a tebur. Alhaji ya dawo da faranti cike da ƙosai mai zafi, ya ɓare ɗaya, ya hura, ya miƙa wa yaron. Hazim ya kalle ni. Na ce, "Baba, ai likita ya ce..."

"Likita ya haife shi? Ni na ci ful shekara saba'in, ubana ya ci, kakana ya ci, wa ya mutu? Ɗan Masar a ce ba ya cin ful, to me zai ci, takarda?"

"Baba, a dai bari mamarsa ta dawo."

"Au, sai 'yata ta ba ni izini? Wallahil azim sai ya ci wannan daga hannuna!"

Mutanen tebur na kusa suka juyo. Kowa a ƙasar nan ya san idan babba ya rantse a kan abinci, magana ta ƙare. Da rantsuwa muke ɗura wa baƙo, da rantsuwa muke nuna ƙauna, wanda ya ƙi ci bayan an rantse ya ci mutuncin mai rantsuwa a bainar jama'a. Ni kuwa suruki ne, malamin makaranta da aka biya wa kuɗin hutu. Na san abin da ke cikin ƙosan nan, na san abin da zai yi wa ɗana, amma ban hana ba. Na zauna ina gaya wa kaina wataƙila ɗan guntu ba zai yi komai ba. Har yau in na tuna wannan tunani sai in ji kunya ta rufe ni.

Hazim ya riga ya buɗe baki sai wani hannu ya riƙe wuyan hannun Alhaji. Ban ga daga inda Baba Milad ya fito ba. A ɗakin da mutum ɗari shida ke ci kowace safiya, ya tuna yaron da aka nuna masa sau ɗaya kwana uku da suka wuce. Bai fizge ƙosan ba, bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya sumbaci kan Alhaji yadda ake yi wa babba in ana ba shi haƙuri, hannunsa kuma bai saki ba.

"Sakar mini hannu! Kai wane ne? Ku kira mini manaja!"

"Za a kira shi, Alhaji, ni da kaina zan kira shi. Amma wannan ba zai shiga bakin yaron nan ba."

"Na rantse!"

"Na ji, kowa ma ya ji. Rantsuwa tana da kaffara, Alhaji, a ciyar da mutum goma. Jika kuwa ba shi da kaffara."

Idon Alhaji ya sauka a kan ɗan gicciyen da ke zane a wuyan hannun da ya riƙe shi. Ya ce, "Yanzu Kirista ne zai ba ni fatawa?"

"Allah ya ba ka haƙuri, ni ba malami ba ne. Shekara goma sha bakwai dai nake zuba wa Musulmi abinci, babu irin rantsuwar da ban ji a kan tebur ba. Da duk ana cika su, da tuni cikin rabin Masar ya fashe."

Wani tsoho a tebur na kusa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Alhaji, wallahi fatawar ta yi daidai." Dariya ta bi ɗakin. Baba Milad ya ƙara da cewa akwai masu ban ruwan furanni da masu wanke tafki, 'yan ƙauye irinsa da ke karyawa da gurasa da gishiri, goma ba za su yi wuyar samu ba. A hankali Alhaji ya ajiye ƙosan a faranti.

Manaja ya zo, ya ba Alhaji haƙuri, ya kuma rubuta wa Baba Milad takardar gargaɗi, don dokarsu ta hana ma'aikaci taɓa baƙo ko da me. Ya karɓa ya sa a aljihu ya koma ƙofa. Da azahar ya jera mutum goma a inuwar bayan kicin, Alhaji ya sayi shinkafa da kaza ya raba musu da hannunsa, suna ta sa masa albarka. Alhaji ya dawo yana hura hanci kamar shi ya ƙirƙiro dabarar, yana ce wa Rabab, "Ai ni ba na wasa da rantsuwa." Baba Milad ya hana shi abin da ya so, ya kuma bar masa girmansa bai taɓa ba, wannan kuwa ba kowa ya iya ba.

Bayan shekara biyu jikan wani abokin Alhaji ya ci ful a gidan biki. Alhaji ya je dubiya ya ga yaro kwance fari fat, ana ƙara masa jini, uwarsa na kuka a bakin gado. Ya dawo gidanmu ya zauna yana ta kallon Hazim da ke aikin makaranta a ƙasa. Da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya ce mini, "Wannan mutumin na Gardaka, meye sunansa?" Na faɗa masa. Ya maimaita sunan sau biyu ya fita. Bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban ga da wane ido zan nema ba.

Baba Milad, kai ne mai tsayuwar ƙofa, mai tambayar da ke ɓata wa mayunwata rai. Ba ka da hoto a bangon wurin, baƙi da yawa sun ci daga hannunka ba su tambayi sunanka ba. Hazim yanzu shekararsa goma sha biyar, ya fi ni tsawo, yana buga ƙwallo, yana yi wa uwarsa gardama kamar kowane ɗa mai lafiya. Na gode, Rabab ta gode, Allah ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya sa ka huta a cikin jikokinka.

Ku kuma matasan da za ku gaji ƙofar, ku yi tambayar ko an harare ku, ku riƙe fuskar yaron da aka nuna muku. Mu iyaye kuwa kada mu jira sai Allah ya jefo mana irinsa, don ba kowane ɗakin cin abinci ke da shi ba. Ran nan ni ne uban yaron, ina zaune kusa da shi har gwiwata na taɓa tasa, na kasa. Kai da ba ka haɗa komai da shi ba, Baba Milad, kai ka miƙa hannu.