Tatsuniyar da Baffa Bitrus Bai Tsaya Ya Ji Ƙarshenta Ba

A Jega na tashi, a wani gidan haya bayan tasha, mu kaɗai ne Kirista a layin. Babanmu direba ne, yana ɗaukar albasa daga Aliero ya kai kudu, sai mu daɗe ba mu sa shi a ido ba. Mai riƙe da gidan ita ce mahaifiyarsa, Kaka Rahila, 'yar gajeruwar tsohuwa mai bakin tsiya. Lokacin sanyi, da an ci tuwo sai ta tara kara a tsakar gida ta hura wuta, ta binne dankali a toka. 'Ya'yan maƙwabta kan shigo in sun idar da sallah, mu matsa musu. Ni mijinta take ce mini, kuma kullum sai ta yi mini gorin ban taɓa saya mata ko ɗankwali ba.

Tatsuniyoyinta cike suke da dodanni da tsuntsaye masu magana. Mu dai daɗi muke ji. Ban san akwai wanda abin ke ci wa rai ba, sai da Baffa Bitrus, ƙanen babanmu, ya dawo daga makarantar Littafi Mai Tsarki. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya buɗe ido ya tarar da tsafi a dangi, ya ga wuyar da aka sha kafin a rabu da shi, saboda haka ko sunan dodo ya ji sai ransa ya ɓaci.

Wata rana ya same mu a gindin wuta ya ce, "Inna, abin ga ya isa. Mun baro dodo ƙauye, ke kuma kina maido muna shi cikin gida."

"Zamna ka ji guda," in ji Kaka. "In ka ji ƙarya ciki, ni da kaina za ni kashe wuta."

Ya zauna yana cin magani, ta fara.

Wai a wani gari Dodo yana da lambun albasa a fadama, manya kamar ƙoƙo, masu zaƙi kamar rake. Sarki ya hana a taɓa, domin duk wanda ya ci, warin ba ya barin bakinsa, kuma da warin nan Dodo ke gane nasa ya zo ya haɗiye. Mutane fa ba su ji ba. Yaro ya ci, uwa ta ci, har dogaran da aka sa tsaro suka ci. Aka yi ta asuwaki, aka yi ta tauna goro, duk a banza. Dodo ya dinga zuwa yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Mutum guda ne bai taɓa kai albasar bakinsa ba, shi ne ɗan sarki, kuma shi kaɗai uban ya haifa. Ran wata Juma'a Dodo ya zo ɗaukar wata yarinya, ɗan sarki ya tare hanya ya ce a sake ta a ci shi. Dodo ya sunsuna, bai ji wari ba, ya san wannan ba nasa ba ne. Amma kwaɗayi ya fi ƙarfinsa, ya buɗe baki ya haɗiye shi.

Nan ƙanwata ta fashe da kuka. Baffa ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Kin gani? Dodo ya ci nasara, ɗiya na kuka. Shi na karatun da kika ba su?" Ya fice bai waiwayo ba. Da babanmu ya dawo ya goyi bayan ƙanensa, aka ce ba sauran tatsuniya a gindin wuta. Na ji haushin da har yau in na tuna sai ya taso mini.

Kowa ya san ba a tatsuniya da rana, an ce mai yi ɓata zai yi. To, washegari da hantsi matan layi suna zaune a inuwa suna tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin mai kyau, aikin da Kaka ke taɓawa don ta sami na goro. Sai ta kira mu, ta ɗora daga inda ta tsaya. Maƙwabciyarmu Hajiya Luba ta riƙe haɓa.

"Rahila, tatsuniya da rana tsaka? Ɓacewa za ki yi!"

"Wuta anka hana ni, ba a hana ni rana ba. In na ɓace, ga mijina nan, shi biɗo ni."

Haka ta ci gaba shekara da shekaru, hannu na aiki baki na aiki, har ta rasu. Baffa ya sani. Bai hana ba, ita ma ba ta sake gayyatarsa ba.

Yanzu ina koyar da yara a wata ƙaramar majami'a a Maiyama. Iyaye kan kawo mini littattafan nan na yara masu dodanni da dabbobi masu magana, su tambaye ni ko ya halatta. Ba na amsawa sai na karanta har ƙarshe. Na gane abin da Kaka ta gane: ka ce wa yaro "fansa", ya kalle ka kawai, ka nuna masa wanda ya shiga bakin Dodo a madadinsa, ba zai manta ba. An sha yi mini magana a kan haka, kuma ban da niyyar dainawa.

Bara Baffa ya kwanta ciwo a asibiti a Jega. Na je na tarar ya rame, kuma na ga tsoro a idonsa, mutumin da ya yi wa'azi a kan gawa ba adadi. Ya kama hannuna.

"Ɗan sarkin nan na Inna, yaya anka ƙare?"

"Baffa, ai kun fi ni sanin ƙarshen."

"Na san shi cikin Littahi. Da bakin Inna nika son ji."

Sai na gyara murya na kwaikwaye ta iya ƙoƙarina. "Cikin Dodo, ɗiyana, don masu wari anka yi shi. Wanda ba shi da wari, ba ya narkewa. Dodo yai ta birgima, yai ta birgima. Asubahin ran Lahadi ciki yat tsage, ɗan sarki yah hito, bayanai duk waɗanda anka haɗiye tun kaka da kakanni, kowa riƙe da hannun wani."

Baffa ya juyo ya dube ni. Can ya ce, "Har waɗanda sunka ci?"

"Ai don su ya shiga, Baffa."

Ya rufe ido, bai saki hannuna ba. "Sake hwaɗi," in ji shi.

Na sake.