Baba Zubairu Da Makarantar Da Aka Nemo A Sakkwato

Kowace safiya, kafin masu ƙosai su sauke kasko a bakin tasha, za ka ga Baba Zubairu ya jingine kekensa a bangon ɗakin karatu na cibiyar malamai da ke nan Ƙaura Namoda. Zai buɗe tagogi, ya yaye atamfar da matarsa ta ɗinka wa kwamfutoci don ƙura, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zagaya baya ya girgiza janareta ya ji ko da sauran mai. In akwai wuta ya ce alhamdu lillahi. In babu ya ce alhamdu lillahi, ya ja igiya. Daga nan sai ya zauna jiran mata, domin tun da aka ƙaddamar da Shari'a aka raba lokaci: safe zuwa azahar nasu ne, maza sai bayan salla.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Baba ba ɗan kwamfuta ba ne tun asali. Littattafai yake jerawa tun muna yawo da gajeren wando. Sanda aka kafa faranti a kan rufi aka ce an jona mu da intanet, furfura ta riga ta cinye masa gemu, muka ce to, Baba sai kallo. Sai ga shi ya koya da yatsa biyu, yana tsintar haruffa kamar kaza da tsaba. Abin da ya fi riƙewa shi ne wani babban rumbu na rahotannin binciken ilimi, inda ake rubuta kalma a ɗan akwati, na'ura ta zaƙulo duk abin da masana suka taɓa rubutawa a kai. Malam Nuhu na Shinkafi, da ya kusa watsar da karatunsa na ƙaro ilimi don ya rasa madogara, ya ce min Baba ne ya zaunar da shi suka yi ta juya kalma ɗaya har ta haifar da abin da yake nema. Malaman Zurmi da Dauran ma haka suke faɗa. In na'ura ta nuna ba a samu komai ba, mutum ya fara tattara takardunsa, sai Baba ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Zamna. Ba ta ce babu ba. Cewa tay yi ba ta gane ka ba."

Ni dai ba labari aka ba ni ba, da idona na gani.

Ƙanwata Rahina ita ce shugabar wata 'yar firamare a wani ƙauye bayan Sakajiki. Da damina yara gona suke zuwa da safe, kowa ya san haka. Sai mai duba makarantu ya je da hantsi ana tsakiyar noman farko, ya tarar da benci ya fi yara yawa. Kwamitin ilimi na ƙaramar hukuma ya zauna ya ce a rufe makarantar, a haɗe yaran da wata da ke ƙetaren rafi. Wanda ya san rafin nan da damina ya san ba uwar da za ta bar ɗanta ya tsallaka shi. Rufewar nan ita ce ƙarshen bokon ƙauyen gaba ɗaya.

Rahina ta roƙa a bar ta ta mayar da darasi bayan azahar har a yi girbi. Ta ce tana ƙarama an taɓa yin haka a makarantarsu, har wasu mutanen jami'a suka zo suna tambaye-tambaye suna rubutawa. Shugaban kwamiti ya ce gwamnati ba ta aiki da an-ce-ka-ce. Ta kawo a rubuce cewa an gwada a ƙasar nan tamu, ba ƙasar Turawa ba, kafin zaman ranar Litinin.

Ranar Alhamis na goyo ta a babur ɗina, tunda mace ba ta hawan ɗan acaɓa. Ruwa ya ɓata hanya, ba mu iso ba sai da rana ta yi sama. Babu wuta. Baba ya ce man janareta kaɗan ne, ga shi daga gobe Juma'a ba a buɗewa sai Litinin. Ya ba ni kujera a bakin ƙofa a matsayin muharrami, shi da ita suka fuskanci allo.

Ya rubuta Zamfara da makarantun karkara, da Turanci. Shafi ya yi ta lodi kamar ba zai buɗe ba. Da ya buɗe, babu. Ya canza zuwa Zamfara da lokacin darasi. Babu. Zamfara da yaran manoma, Zamfara da damina, babu. Da ya cire sunan jiha sai rahotanni suka zubo daga ƙasashen da ko sunansu shugaban kwamiti ba zai so ji ba. Na ga Rahina tana murɗa bakin hijabinta. Janareta ya yi tari sau ɗaya.

"Baba, ko dai mafarki na yi?" in ji ta a hankali. "Wallahi na tuna sun zo."

"Na yarda sun zo, ɗiyata. Bari mu sake."

Ya sake sa Zamfara, babu. Shi ma na ga gumi na bin wuyansa. Ban taɓa ganin Baba ya rasa kalmar da zai gwada ba sai ran nan. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya zuba wa akwatin nan ido. Can nesa wani ladani mai gaggawa ya fara gwada lasifika, maza kuma sun fara taruwa a inuwar dalbejiya suna jiran lokacinsu.

Ni kuwa, kowa ya san bakina ba ya shiru in raina ya ɓaci. Na ce, "Wannan wace irin jaraba ce? Shekara da shekaru muna kukan a ba mu jiha, an ba mu, ashe duniya ba ta ma san da mu ba. Ai gara sanda muna Sakkwato."

Baba ya juyo da kujerarsa. "Mi kac ce, Auwalu?"

Na ɗauka faɗa zai yi min. Sai ya dubi Rahina. "Sanda mutanen ga sunka zo makarantarku, wace jiha kike?"

Ta buɗe baki za ta ce Zamfara, sai ta tuna lokacin ba a yi Zamfara ba.

Baba ya dafa goshi. "Kaico, tsuhwa. Ni Ƙaura anka haihe ni, ban taɓa ƙaura ba, amma jiha ukku na zamna: Arewa maso Yamma, Sakkwato, Zamfara. Muna ta kiran yarinya da sunan da anka raɗa mata jiya."

Ya goge Zamfara. Na rantse yatsansa ya ɗan yi jinkiri, don duk cikinmu ba wanda bai yi murnar sunan nan ba. Ya rubuta Sakkwato yadda Turawa ke rubutawa. Shafi ya fara saukowa layi-layi, kuma a cikinsu ga rahoton wasu malaman jami'a kan gwajin karatun yamma da damina a ƙauyukan yankin Ƙaura, jihar Sakkwato. Taƙaitaccen bayanin kawai aka sa, amma akwai sunayen masu binciken, da shekarar, da abin da suka gano: yara sun dawo aji. Rahina ta rufe fuska da hijabi. Baba bai tsaya murna ba, ya danna a buga. Takardar na gama fitowa da ɗuminta ladani ya kira salla, ba a jima ba janareta ya mutu.

Kwamiti ya ba ta damina ɗaya ta gwaji. Bana ta uku ke nan. Amma duk shekara sai an sake zama, duk sabon shugaba kuma sai ya ce a ƙaro hujja. Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Baɗi in Rahina ta zo, wa za ta tarar a kujerar nan?

Baba Zubairu, kai ne ba ka gajiya da mai tambaya. Kai ne ka tsinci amsa a cikin ƙorafin mutumin da kowa ya saba toshe wa kunne. Haƙuri gadon Zubairu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idanunka haske, Ya sa hutun nan ya zama na lafiya. Ku kuma samarin da za ku gaje shi, na san kun fi shi saurin yatsa. Ina roƙonku, in allo ya nuna babu, kada ku miƙa wa mutum takalmansa. Ku zaunar da shi, ku tambaye shi da wane suna ake kiran abin a da.

Makon jiya na bi ta ƙauyen bayan azahar. Rafi ya cika ya batse, ba mai tsallakawa. A ajin Rahina kuwa yara ne cunkus, ƙafafunsu duk laka daga gona, suna rera baƙaƙe har bakin hanya. Baba bai taɓa ganin makarantar nan ba. Na ce masa ranar da ya miƙa makulli kada ya hau kekensa, babur ɗina na bakin ƙofa.