Mujiyar da Ta Kashe Mini Kasuwar Waina

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ban jin zai kwashe daminar da mujiya ta sauka a ɗakin ƙulluna. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai na ji raina ya sosu.

Lokacin muna haya a Samaru, shekarar dubu biyu da 'yan kai. Ina toya waina a ƙofar gida kullum da safe, da ita nake sayen sabulu da littattafan yara, har da nawa na ajin yaƙi da jahilci. Maigidana tela ne a Sabon Gari. Mutum ne mai sanyin hali, ba taba ba zaman majalisa, amma Allah ya jarabce shi da abu biyu.

Na farko wuƙaƙen aljihu, irin masu ninkewa ɗin nan. In dai ya bi ta wajen masu tsofaffin kaya a kasuwa, to sai ya dawo da wata: mai ƙotar ƙaho, mai ta katako, wata har da ɗan almakashi a cikinta. A gwangwanin biskit yake tara su. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya shimfiɗa jan ƙyalle, ya jera su, yana goge su da man keken ɗinki. Ni kuwa ina gefe ina fama da albasa da wata dakusasshiyar wuƙa.

"Malam, ara mini ɗaya mana."

"Haba, waɗannan ai ba na albasa ba ne."

"To na mene ne?"

"Na kallo ne."

Na biyu kuma mujiya. A gona ya tashi can wajen Shika, ya ce mujiyar kan tsamiyarsu ce ta raba rumbunsu da ɓera, shi bai ga abin ƙi a jikinta ba. 'Yarmu ta fari, tana sakandare lokacin, ta kwaso wannan hali kaf. Ana cin tuwo sai ya yi kukan mujiya, ita ta amsa masa. In ce, "Don Allah ku bari, maƙwabta na ji." Su yi dariya, ni kuma in yi shiru, don ba ni da hayaniya.

Wata Alhamis da la'asar sai ga su da kwali, suna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai. Wai mujiya ce, a ragar filin ƙwallo suka tsince ta ta sarƙe, fiffike ya ji ciwo, yara na jifa.

"Mama, ki ga idonta, abin tausayi!"

"Na gani. A fitar da ita."

"Kwana biyu ne kawai," in ji Malam. "Ta warke ta kama gabanta."

Na san garin da nake. Na san abin da ake cewa a kan tsuntsuwar nan. Amma na ce "To." Suka kai ta ƙaramin ɗakin da nake ajiye ƙullu, wai nan ne da duhu.

Washegari wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Gwaggo muke ce mata, ta shigo. Surukarta ta haihu, tana neman 'yar wuƙar da za a ajiye a wajen kan jariri kafin suna, kamar yadda aka saba. Unguwa kowa ya san inda wuƙa take. Hannuna na cikin wankin tanda, na ce, "Shiga, Gwaggo, Malam yana ciki." Shaf na manta cewa ranar a ƙaramin ɗaki ya baje kolinsa, wai don ya taya marar lafiya zama.

Ku duba abin da baiwar Allah ta tarar. Wuƙaƙe a buɗe a jere kan jan ƙyalle. Ɗanyar hanta a faranti, Malam na yayyankawa. 'Yarmu na rungume da mujiya a cikin tsohon zanena. Ga robar ƙullun gobe a gefe. Ita kuma mujiyar ta juyo da kai kawai, ba ta motsa jiki ba, ta zuba wa Gwaggo ido.

Salatin da ta yi har bakin titi an ji shi. Da takalmi ɗaya ta fita. Malam ya biyo ta da wuƙa a hannu yana cewa, "Gwaggo, tsaya ki karɓa mana!" Wannan ya ƙarasa mu.

Da safe na hura wuta, na toya, na zauna. Yaran da ke layi da kwanoni ko ɗaya bai zo ba. Wata yarinya ta matso, uwarta ta ƙwala mata kira daga zaure. Kafin azahar labari ya kai ni: ashe dama asiri ne, shi ya sa wainar take da farin jini, da mujiya ake haɗa ƙullun. Wainar da na tashi tun asuba ina toyawa! Daga baya da ranar suna ta zo, ko goro ba a aiko mini ba.

Shi kuwa gogan naka, abin da ya dame shi daban. "Kin ga yau ta ɗaga fiffiken?"

A daren ne na ajiye masa tiren waina mai sanyi maimakon tuwo. Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Malam, ga abincinmu yau, da gobe, da jibi. Tun da na zo gidanka ban taɓa ce maka zaɓi ba. Yau ka zaɓa: ko ita, ko ni."

Ya dube ni, ya dubi tiren. "Ai ba ta gama warkewa ba."

"Ni ma ban warke ba."

'Yarmu ta fashe da kuka. Na ce ta yi, hawaye ba ya ƙarewa.

Kashegari ya ɗaura kwalin a bayan babur, suka kai ta gonar yayansa a Shika. Ni na tsaya a ƙofar gida na ce su bi ta gaban gidan Gwaggo a hankali, kowa ya gani. Suka dawo idanu jajir, kamar daga jana'iza suke.

Kasuwa dai ba ta dawo ba. Malam ya bi gida gida yana bayanin ɓera da rumbu, ana ce masa "Allah sarki," ana rufe ƙofa. Ƙarshe sai da na kwashe tandata na koma can wajen gidajen ɗalibai, tafiya mai nisa da itace a ka. Su ba ruwansu, yaji kawai suke so a ƙara. Gwaggo kuwa har muka bar unguwar tana amsa gaisuwata, amma ko ruwan gidana ba ta sake sha ba.

Ba mugun abu suka yi ba, uban da 'yar, na sani. Tausayi ne. Amma su suka yi tausayin, ni na biya. Abin da na koya shi ne haƙuri daban, shiru daban. Maganar da za a faɗa a bakin ƙofa, a faɗe ta tun kwalin bai shiga ɗaki ba.