Yadda Katun ɗin Japan Ya Sasanta 'Yata da Kakarta

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Mansur a Makka, a saman shagon wani mai tsire, mahaifiyata ta kira ni bayan la'asar ta ce in buga wa yayana waya ya zo daga Jidda ya ɗauke ta. Ba ziyara ba, komawa za ta yi gaba ɗaya.

Na ce, "Hajiya, me aka yi miki?"

Ta ce ba a yi mata komai ba, amma ba za ta ƙarasa rayuwarta a gidan da jikarta ke gudunta kamar mai ƙyanda ba.

Jikar nan 'yata ce ta fari, lokacin tana makarantar mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare. A Makka aka haife ta, kamar ni, sai dai ni na tashi da Hausa a gida, Larabci a waje, ita kuwa Larabci ne ko'ina. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata sai ta mayar maka da Larabci. Kuma Hajiya ba ƙarya ta yi ba. Da ta shigo falo, yarinyar za ta tashi ta sumbaci kanta, ta ce "Ya Sitti", wato kakata, ta ɗauki wayarta ta shige ɗaki.

Hankalina ya tashi ƙwarai. Tun rasuwar mahaifina Hajiya take wurina, kuma na san in ta bar Makka, ta yi nisa da Harami da ƙawayenta na Mansur, ba za ta ƙara jin daɗin duniya ba. Na roƙe ta ta ba ni zuwa Juma'a.

Nan take kuma na gano mai laifi, don ni wajen yanke hukunci ba na ɓata lokaci: wayar nan ce. Kullum na wuce ƙofar ɗakin sai in ji ana ihu da wani yare, ita kuma tana ƙyalƙyala dariya. Washegari na ajiye tasi da wuri, na dawo gida da niyyar ƙwace ta. Na shiga fuska a murtuke na ce, "Ba ni jawwal ɗin nan." Ta miƙo ba musu.

To, ni matsalata ɗaya a duniya, son sanin ƙwaƙwaf. Fasinja ma in ya shiga motata, kafin mu kai Aziziyya na san garinsu da abin da suke ci da safe. Kafin in kashe wayar idona ya faɗa kan allon. Katun ne na Japan, da fassarar Larabci a ƙasa, wasu samari masu manyan idanu sun zagaye tebur suna ta sa-in-sa.

Na ce, "Su wa ke nan?"

Ta ce, "Ƙasashe ne, ya Baba."

"Wane irin ƙasashe? Mutane nake gani."

Ta ce ai kowace ƙasa an mai da ita mutum ne, da halinta da suturarta da abincinta. Wannan da wancan maƙwabta ne, sun taɓa yaƙi a da, shi ya sa kullum suke tsokanar juna.

Ikon Allah! Sai ga ni a zaune a bakin gado. Na ce to in ƙasa ta rabu biyu fa, tagwaye ake yi? In aka yi fari a ƙasar, shi mutumin ramewa yake? Wa ya haife su? Mu fa, muna ciki? Wasu ta amsa, wasu ta ce ita ma ba ta sani ba. Mutumin da ya zo ƙwace waya, ga shi yana cewa a sa na gaba.

Dariyarmu ce ta jawo Hajiya. Ta tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu, yarinyar kuwa ta yi tsit. Hajiya ta ce me ake kallo haka babu tayi? Daga wurinta na gaji tambaya, don haka na san ba za ta tafi ba. Na matsa mata, na shiga fassara mata da Hausa. Ɗaya ya ce wa maƙwabcinsa, mutanenka in sun ce gobe, baɗi suke nufi. Ɗayan ya ce, kai kuwa rowa ce ta hana ka ƙiba. Suka shaƙe wuyan juna, can kuma sai ga su suna cin abinci a faranti ɗaya.

Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Au! Ashe su ma suna da abokan wasa? Wannan ai Bakano ne da Bazazzagi!"

'Yata ta dube ni, na ce ta yi tambayarta da kanta. Ta ce, "Ya'ni me?" Wato me ake nufi.

Hajiya ta ce mu Kanawa da Zagezagi haka muke tun kaka da kakanni, Fulani da Barebari ma haka. Ta ce ba kya jin yadda nake yi da Bazazzagiyar nan mai ƙosan ƙasan layi? In ce mata baiwata, ta ce min Kanawa sarakan wayo. Ranar da ta kwanta asibiti wa ya kwana da ita? Wanda ba ka so ai gaishe shi kake yi ka wuce.

Sai yarinyar ta ce min da Larabci, murya ƙasa-ƙasa, "To ni fa?"

Ban gane ba sai da ta fara kuka. Ta ce tun tana ƙarama, duk safiya Sitti sai ta ce mata mummuna, raguwa, mai hanci kamar ƙosai, ta cinye abincin gida. Ta tambayi ƙawayenta na makaranta, kowacce kakarta habibti take ce mata, wato masoyiyata. Shi ya sa ta yanke cewa Sitti ba ta sonta, take kauce mata don kada ta ɓata mata rai.

Duk safiya a kunnena ake wannan zagin, ni kuwa dariya nake, don haka kakata ta yi min har ta koma ga Allah. Ban taɓa tunanin abu ne da ake koya wa yaro ba.

Na fassara wa Hajiya. Ta riƙe haɓa. Ta ce ita kuma shekara da shekaru tana jira jikarta ta rama, da ta ga ba ta ramawa sai ta ɗauka ƙyamarta take, tsohuwar Batakara, wato Bahaushiyar Makka, da Larabcinta bai nuna ba.

Ta juya ta ce, "Ke, rama."

Yarinyar ta zaro ido ta ce, "Aib, ya Baba!" Wai abin kunya ne.

Na ce, "Rama, umarni ne."

Ta share hawaye, ta kalli kakarta sama da ƙasa, ta tattaro 'yar Hausar da take da ita ta ce, "Ke... tsohuwa... haƙori babu."

Hajiya ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ke mai haƙoran, me kika tsinana da su ban da cinye mana shinkafa?"

Ranar Juma'a yayana ya iso da mota. Hajiya ta ce ya ci abinci ya koma, in ta tafi wa zai riƙa gaya wa wannan mummunar gaskiya?

Har yau abin yana ba ni mamaki. Mutanen da ba su san da mu ba, a can ƙarshen duniya, sun zauna sun yi zanen ban dariya, sai ga shi ya bayyana wa 'yata abin da ubanta bai bayyana mata ba. Nakan tambayi kaina, abubuwa nawa ne namu da yaranmu na nan suke gani kullum, suna yi musu wata fassara daban, mu kuma muna ta dariya ba mu sani ba?

Hajiya ta ƙara shekaru masu albarka tare da mu, kuma a bakinta Hausar yarinyar ta zauna, yawancinta ta tsokana. Ranar da Hajiya ta rasu aka yi mata salla a Harami muka dawo, gida ya cika da mata, kowa na rungume 'yata yana ce mata habibti, Allah ya ba ki haƙuri. Ta zame ta same ni a bakin matakala, ta ce min da Hausa, "Baba, kowa lallashina yake. Yanzu ba wanda zai sake ce min mummuna."