Malama Ottavia da Dabbar da Ba a Kiran Sunanta

Ottavia Rinaldi 'yar birnin Genova ce, mahaifinta mai gyaran agogo. Tana da shekara ashirin da biyu aka tura ta koyarwa wani ƙauyen makiyaya a duwatsun Sardiniya, aka ba ta 'yan aji ɗaya. Yaran yaren tsibirinsu suke yi a gida, aikinta ta sa musu Italiyanci a baki.

Da dabbobi ta fara, a ganinta nan ne sauƙi. Ta zana su a kwali da hannunta. Ta ɗaga kare ta ce cane, suka amsa. Ta ɗaga tunkiya ta ce pecora, aji ya kwashe da dariya.

"Malama, wace iri?" in ji Gavina, wata mai giɓi da ke zama a gaba. "Ta taɓa haihuwa? Shekararta nawa?"

Ashe a wurinsu kowace da sunanta. Ottavia ta ce duk pecora ce. Yaran suka dube ta da tausayi.

Ran da ta ɗaga hoton yanyawa ta ce volpe, ajin ya yi tsit. Ta sake faɗa. Gavina ta toshe kunne.

"Kakana ya ce ba a kiran sunanta."

Abin ya tsaya wa Ottavia a rai. Ran Asabar ta hau dutse har garken kakan, tsoho Bachisio, ta tarar yana matsar cuku. Ya miƙa mata gurasa da ɗan yanki, sannan ya saurare ta.

"'Yata, yanzu tumaki ke haihuwa. Kika kira dabbar nan da sunanta, ta ji, ta zo ta kwashe 'ya'yan. Mu Mariane muke ce mata, sunan mutum, kamar maƙwabcin da ba a son faɗa da shi."

"To Baba, in da Italiyanci aka kira ta fa? Tana ji?"

Tsoho ya saki cuku ya daɗe yana tunani.

"Ban san ta shiga makaranta ba," in ji shi. "Amma wayo gare ta. Ki bari a yaye 'yan raguna."

Ta kuwa bari. Sai bayan yaye ta fito da hoton, yara suka yi ta ihun volpe har shugaban makaranta ya leƙo.

Daga nan ta sauya tsari: ta faɗi suna ɗaya, su biya ta da nasu, ta rubuta a allo gefe da gefe. Shekara talatin da ɗaya tana haka. Da ta yi ritaya ba ta koma Genova ba, ta kama ɗaki kusa da coci. Yara kan kawo mata ƙwaro a cikin kwalba su tambayi sunansa. In ba ta sani ba, sai ta sa takalmi ta ce su zo a je a tambayi tsofaffi.