Ranar da Mama Ta Mayar da Kayan Toshi

A shekarun da dimokuraɗiyya ta shigo mana, kowa a Maraɗi yana da abin da yake so a ƙone. 'Yan makaranta suna ƙona tayoyi a kan titi, 'yan jam'iyyu suna ƙona tutocin juna, masu wa'azi na kowane ɓangare sun samu baki, kowa yana nuna abin da ya kamata wuta ta ci. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a lokacin, muna yajin aiki wata da watanni. Ba ni da aikin da ya wuce zama a gidan mahaifiyata a Sabon Gari, ina tsince wake ina sauraren rediyo. Shi ya sa na ga abin nan tun daga farkonsa.

Mu Kirista ne, 'yan ƙalilan a unguwar. Mama ba a cikin addinin aka haife ta ba. 'Yar Tibiri ce, daga gidan bori, uwarta kuma sananniya ce a harkar. Ta ba da gaskiya tana budurwa, ta auri babana, wani magini, ba da yardar gidansu ba. Ranar bikin ba wanda ya zo daga Tibiri. Ko lalle ba a sa mata ba, domin aikin dangin amarya ne, dangin kuwa sun ce ba su san da zancen ba. Takan ba da labarin tana dariya, ta ce ita da farin hannu ta shiga ɗakin miji kamar wadda aka aika awo.

Da kakata ta kwanta ciwon ajali sai ta aika a kira Mama, ta danƙa mata wani ƙunshi. Kayan borinta ne: baƙin saƙi, da ɗamara mai wuri, da 'yar ƙwarya da ta sha hannu har tana ƙyalli. Yayar Mama, wadda muke kira Inna, ita ce ta tsaya a gida ta bi sawun tsohuwa duk tsawon shekarun nan, amma aka tsallake ta aka ba wadda ta gudu. Wataƙila tsohuwar ta yi zaton kayan za su jawo 'yarta gida. Mama dai ta karɓa, don ba a mayar wa uwa hannu a kan gadon mutuwa. Daga ranar ita da Inna suka koma gaisuwar jana'iza kawai.

Ƙunshin ya zauna a ƙasan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta kusan shekara talatin. Ba ta taɓa ɗaura saƙin ba. Sau ɗaya a shekara, in damina ta ɗauke, takan tura ƙofa, ta fito da su ta kakkaɓe, ta sa sabon ganyen dogon yaro saboda asu, ta mayar. Na sani tun ina ƙarama. Babana ma ya sani, har ya rasu bai ce komai ba.

Ruwan sama ne ya tona asirin. A daminar shekarar rufin ɗakinta ya yi yoyo, matan zumunta na majami'armu suka zo taya ta fitar da kaya rana. Ɗaya daga cikinsu, mace mai saurin hannu da saurin baki, ta buɗe akwatin don ta shanya zannuwa. Kafin Lahadi maganar ta kai kunnen fasto.

Faston sabo ne, yaro ne a kan Mama, bai daɗe da gama makarantar koyon wa'azi ba. Ba mugu ba ne, kuma ban taɓa kama shi da faɗin abin da bai gaskata ba. A watannin nan wa'azi ɗaya yake ta ja mana mako bayan mako: masu bi amarya ce da aka yi wa baiko, Almasihu ne ango, yana nan zuwa, amarya kuwa sai ta tsare kanta da tsarki har ranar ɗauka. Ya iya misali. Ya ce mu duba ko a gidajenmu, yarinyar da aka sa wa rana ba ta ajiye kayan toshin tsohon saurayi a ƙarƙashin gado. Mama takan gyaɗa kai a wurin nan, ni kuma in duƙar da nawa.

Hukuncin da aka yanke shi ne a kawo kayan farfajiyar majami'a a ƙone su a gaban jama'a. Kafin nan an dakatar da ita daga Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke ci tare a Lahadin farko ta kowane wata. Wanda bai san Mama ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Tun da aka yi mata baftisma ba ta taɓa fashi ba, ko da ciwo. Ita ke wanke 'yan kofunan, ita ke guge farin ƙyallen teburin da dutsen gugar gawayi. Wata biyu tana zaune a bencin baya, farantin gurasa yana zuwa daidai ita yana wucewa. In mun dawo gida sai ta ce ba ta jin yunwa. Amma kayan ba ta kai ba.

Ni haushi ne ya ishe ni, kuma ban san wa zan ji wa ba. Na ce mata ta ba su tsummokaran nan su ƙone mu huta. Ta dube ni ta ce, "Ke, in na mutu haka za ki yi ma zanena?" Ban sake sa baki ba.

Wata ranar Talata da hantsi fasto ya zo gidan tare da wani dattijon ikilisiya, manomin rani daga Jiratawa, wanda ya shigo gari da kekensa ya kawo mana albasa. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwa. Bayan an gaisa an yi addu'a, fasto ya ce, "Mama, ba ƙiyayya ba ce. Kin ji abin da nike hwaɗi kullum. Amarya ba ta aje kayan tsohon saurayi."

"Na ji, Fasto," in ji Mama. "Wata biyu ina juya maganar ga, ban samu inda ta karkace ba. Gaskiya ce. Bai kamata su kwan ɗakina ba. Amma in tambaye ka. A garinku, in ɗiya ta bar saurayi, ƙone mishi kaya akai?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Maida mishi akai," ta ce, "gaban shedu, ba a rage ko allura. Wadda ta ƙone kayan mutane ba tsarki ta yi ba, rashin kunya ta yi. Kai ka kawo misalin, ni ko zan bi shi har ƙarshe. In kai su Tibiri in ba yayata, mai su."

Fasto ya ce in ta mayar, ai aiki za a ci gaba da yi da su, ita kuma ta zama mai miƙa wa wani abin tuntuɓe. Maganarsa tana da nauyi, ni kaina na ga haka. Dattijon, wanda tun zuwansa yake ta gyaran takalminsa, ya ɗago ya ce yayar nan shekara da shekaru tana borinta ba tare da ƙunshin ba, rashinsa bai hana ta ba, samunsa ba zai ƙara mata ba. Ya ce a bar Mama ta mayar, a sa shaida. Fasto ya yarda, ba da daɗin rai ba, da sharaɗin kada a yi kiɗa ko wani kiraye-kiraye a gabanta. Da aka duba wa ke zaune ba aikin yi, sai aka ga ni.

Ranar Alhamis muka shiga motar Tibiri. Tafiyar ba nisa, amma sai da muka tsaya sau biyu, saboda ayarin wata jam'iyya ya tare hanya da ganguna. Mama ta rungume ƙunshin a cinya, ba ta dubi kowa ba.

Mun tarar da Inna a tsakar gida tana sussukar gero. Doguwa ce, busasshiya, ta girmi Mama da shekara biyar ko shida. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya. Kayanki na kawo miki."

Mama ta durƙusa ta kwance ƙunshin a kan tabarma, ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta ce mini in duba da kyau tun da ni ce shaida. Inna ta ɗauki saƙin ta ɗaga shi a rana tana neman cin asu, ba ta samu ba. Ta kai shi hanci. Ta daɗe a haka. Daga nan ta tambayi dalili, Mama kuwa ta kwashe wa'azin fasto duka ta faɗa mata, da baiko, da ango, da ranar ɗauka.

Inna ta yi dariya har tana tari. "To ke yanzu amarya ce? Da hurhura? Wane irin miji na wanga da zai bar mace tana jira har haƙoranta su zube?"

"Yana tahe, Yaya."

"Yaushe?"

"Bai hwaɗi ba."

"Maza ke nan," in ji Inna. Ta naɗe kayan ta kai ɗaki. Da ta fito sai na ga ƙwarya a hannunta da garin lalle. Ta ce wancan auren an kai ƙanwarta da farin hannu, ita ce kuma ta hana kowa zuwa, ba tsohuwa ba. Wannan karon ba za a ce gidansu ba su da mutane ba.

Na matsa kusa da Mama na raɗa mata cewa gata Lahadin farkon wata ce, kuma duk majami'a ta san gidan da muka zo. In ta koma da jan hannu daga gidan bori, wahalar nan duk ta tashi a banza. Inna ta ji ni, kunnenta ras. Ta ce, "Ke malama, buɗe ido ki gani. Ganye na da ruwa. Ban kiri kowa ba, ba ni kiran kowa." Mama ta miƙa hannuwanta biyu.

Haka muka wuni. Inna ta shafe mata tafin hannu da yatsu, ta naɗe da ganye da tsumma, ta riƙa ba ta fura a baki da ludayi tun da hannu a ɗaure yake. Suka yi ta hirar mutanen da ban sani ba, yawancinsu matattu. Sau ɗaya na ga Mama tana kuka, ba ta da hannun share ido, Inna ta share mata da bakin zanenta tana yi mata tsiya. Da la'asar aka kwance. Lallen ya kama sosai, ja har yana neman yin baƙi.

Ranar Lahadi kafin sujada fasto ya kira ni gefe. Na ce an mayar da kome, ba a yi kiɗa ba, ba a kira kowa ba. Duk gaskiya ne. Zancen lalle ban ɗauko ba, na ce a raina wannan ba ya cikin abin da aka aike ni.

Na so Mama ta rufe hannunta da mayafi ta ɗauki gurasar da bakin yatsu. Ba ta yi ba. Da yake ranar mayar da ita cin Jibi ce, fasto da kansa ya kawo farantin layinmu. Ta buɗe tafukan nan biyu a gabansa. Na ji matar nan mai saurin baki ta ja numfashi a bayanmu. Fasto ya tsaya. Ya dubi hannun, ya dube ni, na dubi ƙasa.

"Mama, wanga hwa?" ya ce a hankali.

"Yayata ta sa mini. Ta ce ba a kai amarya haka nan."

Ban san abin da ya wuce a zuciyarsa ba, bai taɓa faɗa mini ba. Na dai ga ya daɗe fiye da yadda ake daɗewa a gaban mutum ɗaya. Sannan ya ɗauki gutsuren gurasar da kansa ya sa mata a tsakiyar jan tafin. Ta ci. Da muka dawo gida ta cinye tuwo malmala biyu.

Na tafin hannu ya goge cikin 'yan makonni. Na farce kuwa sai farcen ya tsiro ya ture shi, wannan yakan ɗauki watanni. Kafin ya gama fita Inna ta rasu, ciwon kwana huɗu. Mun je jana'iza mun dawo. Ban tambayi wanda ya gaji ƙunshin ba, Mama ma ba ta tambaya ba.

Ni ke yanke mata farce saboda idonta ya yi rauni. Na lura duk lokacin da na zo kan babban yatsanta na dama sai ta janye, ta ce a bar shi tukuna. A bakinsa ne ɗan jan ya rage, siriri kamar zare. Farcen ya yi tsawo har yana kama mata zane. Wata Asabar, tana shirin guge ƙyallen teburi, ta zauna ta miƙo mini yatsan da kanta. Na yanke, ya faɗo a tafina. Na ce ko in naɗe mata shi a takarda in sa a akwati.

"A'a," ta ce. "Tona rami ki ruhe shi. Na gama da ajiya."